Shekarar da Baba Bai Yi Binne Ba

Mahaifina bai taɓa jiran ruwan sama ba kafin ya yi shuka. A ƙauyenmu da ke bayan Dalijan, cikin ƙasar Gwandu, idan zafin bazara ya kai inda ko akuya ba ta yarda ta bar inuwa, sai ka ga Baba ya fito tsakar gida da sassafe, ya juya gabas yana shaƙar iska. Ranar da ya ce a ɗauko sungumi, magana ta ƙare. Shi yana gaba yana saran rami a busasshen rairayi, mu yara muna biye da 'yan ƙorai, muna jefa gero muna rufewa da diddige. Ƙasa na ƙona mana tafin ƙafa, ƙishirwa na damunmu, ga sama fes babu ko ɗigon girgije. Wannan aikin shi ake kira binne: a sa iri a ƙasa tun ruwa bai zo ba, ya kwanta can yana jira.

Na tsani binne tun ina ƙarama, ba zan ɓoye ba. Amma na ga amfaninsa da idona. Ranar da ruwan farko ya sauka, mutane sukan fita a guje, kowa na neman mai taya shi shuka kafin danshi ya tsere, mu kuwa muna gida muna shan fura. Kafin su gama, geronmu ya huda ƙasa. Baba yakan ce, "Ruwan hwarko shi ad da ƙarhin ƙasa. Wanda duk yat tsaya jira, haki na riga geronai tashi." Ba shi kaɗai ke binne a garin ba, amma shi ake kallo. In ya fita da sungumi yau, gobe sai ka ga rabin unguwa a gona.

Geron da muke binnewa na gidanmu ne, wanda Baba ya gada wurin mahaifinsa. Doguwar zangarniya gare shi, wata ta kai tsawon hannun babban mutum har ta ɗara. Yana da nawa, sai ya sha ruwa ya ƙoshi sannan ya nuna, amma in ya nuna rumbu yakan cika har a nemi inda za a sa saura. Kowace kaka, kafin kowa ya sa wuƙa a gona, Baba yakan shiga shi kaɗai ya zaga yana zaɓen iri. Mafi tsawo yake yanka, ya tara, ya ɗaure dami guda daban, a rataye shi can saman rumbu inda ɓera ba ya kai. A cikin geron nan akwai 'yan gajerun zangarniyoyi da ke riga saura nuna. Waɗannan ko kallonsu ba ya yi. Namu ne na yara, mu karya mu gasa tumu, mu cika baki da toka. Damin iri kuwa ba mai taɓa shi, ko da tukunya ta wuni a kife.

Yayana shi ne ɗan farin Baba, kuma ban taɓa ganin wanda ya riƙe kunyar ɗan fari kamar mahaifina ba. Bai taɓa kiran sunansa ba, bai taɓa dubansa ido da ido ya yi masa magana ba. "Wancan" yake ce masa. Gida ɗaya suke kwana, gandu ɗaya suke nomawa, amma ko ruwan sha Baba ba zai ce ya miƙo masa ba. Inna, Allah ya jiƙanta, tata kunyar ma ta fi tasa. Saboda haka tun ina 'yar mitsitsiya ni ce 'yar aike a tsakaninsu. Sunan mahaifiyar Baba aka sa mini, shi ya sa yake kirana Uwata, kuma duk gidan ni kaɗai ke iya yin musu da shi in kwana lafiya.

Da aka kai ni aure Kalgo, na ɗauka na huta da aiken nan. Ina! Sai ga waya ta zo gari. Baba ya sa aka saya masa 'yar ƙarama, aka nuna masa inda zai danna ya same ni. Ina cikin tuƙa tuwo sai in ji ta tana kuka.

"Uwata, hwaɗa ma wancan jaki ya kwance."

Yaya yana bayan danga, yana jin kowace kalma, amma ba zai motsa ba sai na kira shi. Magana ta tashi daga ƙasar Gwandu, ta zo Kalgo, ta koma, duk don jakin da ke tsaye tsakaninsu yana cin danga. Mijina yakan yi dariya har ya riƙe ciki. Ni ma da ina dariya, kafin saƙonnin su daina zama na jaki.

Ban san takamaiman shekarar da ruwa ya fara yi mana wasa da hankali ba, don a hankali abin ya shigo. Da can in hadarin farko ya haɗu ya zubar, damina ta kama ke nan, sai dai ɗan tsaikon da ba a rasa ba. Sai aka koma samun wani irin ruwa mai zuwa da wuri, da iska da tsawa da cika baki, ya jiƙa bayan ƙasa kawai, daidai yadda zai tada irin da ke kwance. Gero ya tsiro, gona ta yi kore shar, mutane su yi ta hamdala. Daga nan sama ta ɗauke kamar an yi mata laifi. Tsiron ya yi ta jira, ya yanƙwane, ya yi ja, ya kwanta, iska ta zo ta rufe shi da rairayi. A fita filin idi roƙon ruwa, manya da yara, a dawo da zufa. Ƙarshen daminar ma bai bar mu ba, ruwan yakan tafi tun gero bai gama cika ido ba. Damina ta zama kamar zanen da ya tsuke a wanki, ka ja ka rufe kai, ƙafa ta fito.

Mu a Kalgo abin bai ci mu haka ba. Mijina yana da 'yar gonar shinkafa a fadama da injin ban-ruwa, in sama ta ƙi sai a koma ƙasa. Amma can gida jigawa ce zalla, ba rafi ba tafki, abin da ya faɗo daga sama shi ne abinci. Shekarar farko da binnen Baba ya ƙone, aka sake shuka da ragowar iri, aka samu abin da aka samu. Shekara ta biye ya sake ƙonewa, aka sake, wannan ma ya ƙone, aka kuma sakewa a makare. Da kaka ta zo rumbu ko rabi bai yi ba, damin iri kuwa ya rame ƙwarai. Tun kafin marka hatsi ya ƙare a gidan da ake zuwa neman aro a da.

Ni na riƙa auna shinkafa ina ba direban da ke bi ta wajenmu. Baba yana ci, don ba shi da yadda zai yi, amma na san tuwon nan ba ya wuce masa wuya da daɗi. Mutumin da ya ciyar da unguwa, yau ga shi yana cin abin da ya fito daga gonar suruki. Bai taɓa ce mini komai a kai ba, sai sau ɗaya da ya ce, "Shinkahwag ga taku ba ta zama ciki, Uwata." Na yi dariya a waya, na ajiye na yi kuka.

A tsakanin nan ne Yaya da wasu magidanta sa'o'insa suka haɗa kai, tare da wani malamin gona da ke zuwa daga Gwandu a kan babur. Suka gina rumbu guda a bayan masallaci, suka kira shi rumbun iri na gari. Da kaka kowane gida ya kawo ɗan abin da ya iya, a rufe, ba a buɗewa sai damina ta zauna, wanda shukarsa ta mutu ya zo a ɗiba masa. Suka koyi tona 'yan ramuka a gona tun da rani, a zuba taki a ciki, don ruwa in ya zo ya tsaya nan kada ya gangare. Suka kuma samo wani gero gajere mai saurin nuna. Abin da suka fi nanatawa shi ne a daina binne, a jira ruwa ya sauka ya sake sauka, sai mutum ya tona ƙasa danshi ya kai masa wuyan hannu.

Yaya ya roƙe ni in kai wa Baba maganar. Na kai. Game da rumbun, cewa ya yi, "Geron ubana ba shi kwana rumbun taro." Da aka nuna masa zangarniyar sabon geron, ya juya ta a hannu, ya auna ta da tafinsa, ya miƙo mini. "Wanga ai geron tumu na. Ba yara su gasa." Ramukan taki ne kawai bai hana ba, ya ce in wancan yana da ƙarfin da ba shi da inda za shi kai, ya tona. Yaya ya tona su, ya shuka gajeren geron a gayaunarsa, 'yar gonar da ke gefen gandu wadda take tasa shi kaɗai. Gandu kuwa na Baba ne, kuma dogon gero za a sa a ciki.

Shekarar da nake son ba da labarinta, abin da ya rage na irin gidanmu an sussuke shi an zuba a wata tukunyar ƙasa, an gauraya da toka saboda ƙwari. Irin ko wuyan tukunyar bai kai ba. Shuka ɗaya zai yi, ita ma ba duka gandu ba. In ya ƙone babu na sakewa, kuma babu wani gida da za a je a samo irinsa, don waɗanda Baba ya taɓa ba wa duk sun cinye ko sun gauraya da wani. Geron da kakana ya noma, ya bar wa Baba, shi ne a cikin tukunyar nan a ƙarƙashin gado.

Bazara na tsakiya Yaya ya kira ni. Muryarsa a dashe.

"Ya hwara hitowa da sahe shina kallon gabas. Jiya nig gane shi shina gyaran ƙotas sungumi. Ki zaka, don Allah. Ke ɗai yaka ji ma."

Na bar yara wurin maƙwabciyata, na shiga mota, na sauka Kambaza na hau babur. Duk hanya gonaki ne a share, fari fat, ba komai sai kututturan kara da awaki na yawo. Na gaji tun ban isa ba. Na gaji da hanyar, na gaji da kallon sama, na gaji da zama bakin mutum biyu da ke iya jin tarin juna.

Na sami Baba a gindin darbejiyar ƙofar gida bayan la'asar. Na durƙusa na gaishe shi, ya tambayi mijina da yara ɗaya bayan ɗaya. Yaya ya zo ya zauna a bayan katangar zaure, inda ba a ganinsa amma ana jin numfashinsa. Na fara da abin da ake ta faɗa a rediyo, cewa bana ma za a yi ruwan farko sannan a yi dogon tsaiko.

"Su na rediyo sun taɓa riƙa sungumi?" in ji Baba.

"Baba, bara da bara waccan ma haka sunka ce, kuma haka anka yi."

"Allah ad da ruwa."

"Shi ad da shi. Amma iri ɗai ya rage muna, Baba."

Ya ɗauki carbinsa yana ja. Daga bayan katanga Yaya ya ce, ba da ƙarfi ba, "Hwaɗa mai ni ban ce irinmu ba shi da kyau ba. Damana ta ta canza." Na maimaita, ko da yake ba kurma a wurin. Baba ya ce in faɗa wa wancan tun ba a haife shi ba yake binne. Na juya na faɗa wa katanga. Haka muka yi ta yi, ina juya kai dama da hagu, har raina ya ɓaci. Na ce, "Baba, ni tambaya ɗai ag gare ni. In wanga ya ƙone, mi za ka rataya bisa rumbu in kaka ta yi?"

Ya tashi ya tafi alwala.

Washegari da sassafe na gan shi tsakar gida, ya juya gabas. Ya daɗe a tsaye. Iska na kaɗa 'yar rigarsa, sai a lokacin na lura yadda ya rame, kafaɗunsa sun fito. Ya ce, ba tare da ya waiwayo ba, "Iskag ga da laima cikinta. Ruwan da ka zuwa na gaskiya na, Uwata." Sai ya taka ya ɗauki sungumin da ya jingina a bango, ya shiga da shi ɗaki, ya fito hannu wofi.

"Na ba ku bana," ya ce.

Da Baba bai fita ba, babu wanda ya fita. Tsofaffin da suka saba bin sahunsa suka ce tunda shi ya zauna, akwai abin da ya gani. Na koma Kalgo da sanyin zuciya, har na ce wa mijina bana dai an tsira da iri.

Ba a yi mako ba ruwa ya sauka. Yaya ya kira ni yana ɗaga murya saboda ƙarar ruwa a kan kwanon rufi, ya ce ruwa ne mai yawa, amma za su jira, don irin wannan ne ya cuce su bara. Suka jira tsaikon da aka ce zai zo. Tsaiko bai zo ba. Ruwa ya sake sauka, ya kuma saukowa, ƙasa ta sha ta ƙoshi, ciyawa ta rufe gonaki. Kafin su yarda cewa daminar ce da gaske, kwanaki masu yawa sun tafi. Aka fita shuka a gurguje, gari duka lokaci ɗaya, ba mai taya wani. Aka sa irin tukunya a ƙasa, aka kife tukunyar.

Na zauna ina jiran wayar Baba. Na shirya jin "ai na hwaɗa muku," har na tanadi abin da zan ce. Bai kira ba. Da na kira shi, ya tambayi yara, ya ce ruwa alhamdu lillahi, ya yi sallama. Da ya yi faɗa da ya fi mini sauƙi. Har yau ba zan ce mun yi kuskure ba, don da an jira a shekarun baya da iri bai ƙare ba. Shi ma ba zan ce ya yi ba, don hancinsa bai yi masa ƙarya ba. Abin da ke gajiyar da mutum ke nan. A da in ka san aikinka ka sani, yanzu kuwa ka yi daidai bara, ka maimaita bana ya zama ba daidai ba.

Duk da haka daminar ta yi kyau a tsakiyarta. Marka ta zauna, gero ya tashi ya wuce kan mutum, ya yi ciki, ya fitar da kai. Yaya ya ce zangarniyoyin bana tsawonsu har ban tsoro. Gajeren geron gayaunarsa kuwa tuni ya nuna, ya yanki wani sashe, matarsa ta fara daka. A karon farko cikin shekaru ban aika shinkafa ba. Na fara cewa a raina wataƙila mu tsallake.

Sai ruwa ya ɗauke. Dogon gero yana cikin bununi, furen da ke riga ƙwaya, lokacin da ya fi bukatar ruwa, sama ta washe. Hadari ya riƙa haɗuwa da yamma, ya yi baƙi, ya yi rugugi, iska ta kwashe shi ta yi yamma da shi. Aka fita roƙon ruwa. Aka samu wani yayyafi da ko ƙura bai kwantar ba, shi ke nan. A bakin masallaci mutane suka fara cewa da an yi binne da geron ya samu kwanakin da ya rasa. Ba a faɗa a gaban Baba ba, amma ƙauye ne, ya ji.

Na je da kaka, ranar da za a shiga gandu. Daga nesa gonar gwanin kyau, zangarniyoyi dogaye suna rangaji. Yaya ya tsaya a bakin gona da amalanken jaki. Baba ya karɓi 'yar wuƙarsa ya shiga shi kaɗai zaɓen iri, kamar yadda ya saba. Muka zauna muna jira. Rana ta ɗaga, inuwar amalanke ta tsuke, bai fito ba. Yaya ya dube ni. Na gyara mayafi na bi sahu.

Na same shi a tsakiyar gona. Yakan kamo doguwar zangarniya, ya murza ta a tafin hannu, ya hura. Ƙaiƙayi ya tashi, ba ƙwaya. Ya sake ta, ya kamo wata. Duk inda ya bi ga su nan a lanƙwashe, ya murje su ɗaya bayan ɗaya. Hannunsa ya yi fari da ƙaiƙayi, kuma babu ko guda da ya yanka. Bai ji zuwana ba sai da na yi sallama.

"Babu komi, Uwata," ya ce. "Tsawo ɗai na."

Na kai hannu don kawai in yi wani abu, na kamo wata 'yar gajeriya da ke ƙasa-ƙasa, irin wadda muke karyawa muna yara. Na ji ta da nauyi. Na murza, sai ga ƙwaya a tafina, cikakkiya, mai tauri. Na miƙa masa. Ya duba, ya ɗauki ɗaya ya sa a haƙori. Sannan ya waiwaya, ya fara ganin abin da idonsa ke tsallakewa tun safe. Suna nan jefi-jefi a cikin gonar, gajerun da suka riga saura, sun cika kafin ruwa ya tafi. A ka'ida da yanzu babu ko ɗaya, da yara sun gasa su tun tuni.

"Wa ya hana yara tumu bana?" ya tambaya.

Na san amsar, don matar Yaya ta ba ni labari da na iso. Tun da ruwa ya ɗauke Yaya ya tara yaran gida da na maƙwabta, ya ce duk mai son tumu ya je gayaunarsa ya karya son ransa, amma wanda ya taɓa na gandu zai gamu da shi. Ya riƙa zagaya gandun safe da yamma yana korar tsuntsaye, bai faɗa wa kowa dalili ba.

"Yaya na," na ce.

Baba ya dubi bakin gona. Can ya sunkuya ya yanki gajeriya ɗaya, ya miƙo mini na riƙe. Ya yanki ta biyu. Ya taka gaba, sai na ga hannunsa ya tafi sama da kansa, ya kamo wata doguwa fanko, har ya ɗora mata wuƙa kafin ya farga. Ya sake ta. Ya ƙara 'yan taku, hannun ya sake tafiya sama. Ya tsaya yana kallon hannun nan nasa. Tausayinsa ya kama ni har na kau da kai, don kada ya ga fuskata.

Na ɗauka zai ce, "Uwata, hwaɗa ma wancan." Har na juya zan tafi. Sai na ji ya ɗaga murya wajen bakin gona.

"Kai! Zaka nan."

Ta tsakanin kara na hango Yaya ya waiwaya bayansa, yana neman wanda ake kira. Babu kowa sai jaki. Ya taho a hankali, ya cire takalmansa tun daga nesa, ya zo ya durƙusa, kansa a ƙasa, mutumin da furfura ta fara fito masa a gemu. Baba ya dube shi. Ni dai tun da nake ban taɓa ganin ya dube shi haka ba. Ya miƙa masa wuƙar.

"Idona ya saba da dogo," ya ce. "Kai ka zaɓa."

Yaya ya karɓa da hannu biyu. Baba ya koma gindin wata sabara ya zauna. Mu biyu muka bi gonar layi-layi, Yaya na yanka ina tarawa a mayafi. Da muka gama ya ɗaure su da igiyar kaba, ya kawo gaban Baba ya ajiye. Sai ya juyo gare ni, don abin da aka saba ba ya barin mutum rana ɗaya, ya ce a hankali, "Tambaye shi, rumbun gida za a kai ko na gari?"

Na buɗe baki, Baba ya riga ni. Ba ni ya kalla ba.

"Na ce kai ka zaɓa."

Yaya ya ce a raba, rabi gida, rabi bayan masallaci. Baba ya gyaɗa kai, ya dafa ƙasa ya miƙe da ƙyar, ya kama hanya. A da damin irin gidanmu sai ƙato ya yi nishi kafin ya ɗora shi a ka. Na ranar ko amalanke ba a sa shi ba. Ni na ɗauko shi har gida, da hannu ɗaya.